Dokin da Yake Jiran a Kira Ango

Kawu Mitwalli, yayan mahaifiyata, yana nan da ransa da lafiyarsa, shi ya sa wasu a gidanmu suka ce in dakata da rubuta wannan. Ban ga dalilin dakatawa ba. Shi kansa ba ya mako bai ba da labarin a gidan gahawa ba, kuma duk bayarwa sai ya ƙara wa kansa tsawo ya rage wa dokin. Ni ce na tashi a gefen tabarmar Sitti Nabawiyya, kakata, ni ta haddatar wa sunayen goɗiyoyin gidanmu, uwa bayan uwa. In na yi shiru, nasa labarin ne zai zauna.

Kakana, Mu'allim Shihata, shi ya sa aka san ƙauyenmu daga Bilbes har Zagazig. Sana'arsa koya wa dawaki ladabi, wato rawar da suke yi a gaban masu algaita ranar biki. Ban riske shi da wayo sosai ba, amma ina tuna shi a tsakar barga, ƙafa ba takalmi, jallabiya a tattare a ƙugu, ga duƙushi a ɗaure tsakanin turaku biyu. Da wata siririyar tsumagiya yake aiki, ba duka take yi ba, taɓawa ce. Ta taɓa bayan wannan ƙafa, doki ya ɗaga ya ajiye, ta koma waccan. A gefe Rayyis Dardir mai algaita yana zaune a kan buhun sha'ir, kumatu a kumbure, ido a kan kofato. Haka ake yi a wurinmu. Mai algaita ba ya shiga gaba, ƙafar doki yake kallo ya bi, sannu a hankali dokin ma ya fara bin sa, har a rasa gane wa ke jan wani. Kuma busar yau ba ita ce ta jiya ba. Wata rana Rayyis yana mura, wata rana ya yi faɗa da matarsa yana busa da zafi, wata rana ya ƙoshi da wake yana jan sauti kamar mai gyangyaɗi. Dole doki ya buɗe kunne, tunda bai san abin da zai zo ba. Sai an daɗe ana wannan aikin ƙasa, zafi da sanyi, kafin a yi maganar ɗora sirdi.

Wannan aikin ƙasan shi Kawu Mitwalli ya tsana tun yana saurayi. Sitti ta ce kullum sai ya shigo yana kakkaɓe jiki yana cewa, "Umma, ni fa ba don in riƙa bin doki a ƙasa kamar mai jaki aka haife ni ba." Abin da yake so shi ne sirdi mai adon azurfa, da jallabiyar da ta sha guga, ya ratsa ta bakin magudanar ruwa daidai lokacin da 'yan mata ke wanke-wanke. Kuma yana da kyau a kan doki, wannan ba zan hana masa ba. Zama yake kamar an zana shi, gashin baki a murɗe, haɓa a sama. Sai dai duk dokin da ya taɓa yin kyau a kansa, ubansa ne ya gama wahalarsa.

Da kakana ya rasu, ba a tashi daga zaman makoki ba Kawu ya kira mai fenti ya shafe sunan uban a ƙofar barga, aka rubuta "Mu'allim Mitwalli" da haruffan da ake iya karantawa daga kan titi. Mutane suka ci gaba da kawo dawaki saboda sunan da aka shafe ɗin. Wani likitan haƙori daga Zagazig ya kawo ingarma mai sanyin hali, ya karɓi abinsa yana cizon mutane. Dokin wani attajirin auduga ya koma gida da baki duk miki, saboda Kawu ya ga in ya tsananta linzami wuya yana lanƙwasa da wuri, ba sai an ɓata watanni ba. Akwai wata goɗiya da ya ɗora wa sirdi tun ƙashinta bai yi ƙwari ba, har ta mutu tana ɗingishi. Kowanne yana da dalili a bakinsa. Wannan jininsa ba mai kyau ba ne, wancan kambun baka ne, wancan kuma mai sha'ir ne ya cuce shi. Da saki yake rantsuwa a kan kowane dalili, har matarsa, uwar ɗansa Sabri, takan ce ita kanta ba ta san ko da aure take kwana ba. A hankali barga ta yi shiru. Turakun da a da ake rububinsu suka koma wurin shanya.

Rabuwarsa da Rayyis Dardir a wani biki ta faru, a ƙauyen da ke ƙetaren magudanar. Kawu ya shiga fili a kan Nawwara, goɗiyar kakana ta ƙarshe, sai maroƙin Rayyis ya ɗaga murya ya ce, "Gaisuwa ga ɗan Mu'allim Shihata!" Da aka tashi Kawu ya tare Rayyis yana naɗe algaitarsa a tsumma.

"Rayyis, ni ba ni da suna ne?"

"Kana da shi mana, Abu Sabri. Ai ina nan aka raɗa maka, ni na yi busa."

"To me ya sa yaronka ke kira na da sunan mamaci?"

"Goɗiyar nan wa ya hore ta?"

"Wa ke kanta?"

"Ƙuda ma na kanta, ga shi can a kunne. Shi ma a gaishe shi?"

Mutanen da ke wurin suka kwashe da dariya. Kawu ya rantse da saki cewa ƙafar Dardir ba za ta sake taka bargarsa ba. Rayyis ya ce dama ba ya busa wa turaku marasa doki. Ba na so a ɗauka Rayyis waliyyi ne. Tsoho ne mai baƙar magana, mai son a tura masa cinyar agwagwa kafin kowa. Amma duk mai algaita a yankinmu, in ba ɗansa ba ne to ɗan 'yar'uwarsa ne ko almajirinsa, saboda haka daga ranar babu mai busa ko ɗaya da zai shiga gidanmu. Kawu bai yi wannan lissafin ba. Bai taɓa yin lissafin abin da ya wuce tsawon gashin bakinsa ba.

Nawwara ta haihu a tsufanta, ɗa namiji, ruwan toka mai haske, ba ta daɗe ba ta mutu. Sitti ce ta sa masa suna Rammah. Shi kaɗai ya rage daga jinin da kakannin kakana suka shigo da shi daga sahara. A gidanmu ba a raba doki a gado, ba a kuma sayar da na ƙarshe. Na kowa ne, amma mutum ɗaya ke riƙe ragama, shi ke horarwa, shi ake kira da sunan dokin, kuma babba a gida shi ke cewa ga wanda zai riƙe. Babba a lokacin Sitti ce.

Da Rammah ya isa shiga turke, mahaifiyata Ansaf ta yi maganar da kowa ke tsoron yi. Ranar Juma'a ce, muna cin miyar lalo da shinkafa.

"Umma, a kai dokin nan wurin Mu'allim Bastawisi. Shi ya zauna da Baba, ya san hannunsa."

Kawu ya ajiye cokali. "Ke Ansaf, a gabana? Dokin ubana a kai wa bare ina raye?"

"Uban naka shi ne nawa, Yaya. Kuma na ga yadda na mutane suka fita daga hannunka."

"Na mutane jakuna ne aka yi musu fenti! Wannan jini ne. Ke me kika sani a doki, ban da inda ake zuba masa dusa?"

"Na san inda jini ke fita in an ja linzami."

"Umma, kina jin ta? Wallahi in dokin nan bai yi rawa a gasar lardi ba, a aske min wannan." Ya kama gashin bakinsa. Gashin bakin yana nan har gobe, ya ma ƙara tsawo.

Sitti ba ta gani sosai a lokacin, amma kunnenta ya fi na kowa. Ta daɗe tana tauna, sannan ta ce, "Mitwalli, ragama tana hannunka har gasar lardi, in ya kai shekarun shiga. In ya yi ladabi a gaban mutane, taka ce har ka mutu, kuma ba wanda zai sake buɗe baki. In bai yi ba, za ka kawo min ita da hannunka."

Kawu ya sumbaci kanta ya ce ya yarda. Ya san abin da ke ciki. Rammah ne doki na ƙarshe a bargar da ke ɗauke da sunansa. In ragamar ta fita, sai dai a kira shi Mu'allim don tsokana.

Sai ga matsala: ba a koya ladabi ba busa, kuma babu mai busa. A nan ne Kawu ya yi abin da har yau yake kira dabara. Ya tono kaset ɗin bikin aurensa, wanda aka ɗauka tun kafin a haife ni, ranar da kakana ya yi rawa da uwar Nawwara. Ya kai wani shago a Bilbes aka juye masa a waya, ya sayo wata ƙatuwar sifika ya rataye a bangon barga. Akwai kaset-kaset na busa da yawa a kasuwa, waɗanda suka fi wannan fita tar. Wannan ya zaɓa, saboda yadda yake farawa. Kafin algaita ta shigo, sai ka ji maroƙi yana kwarara murya: "Gaisuwa ga ango! Ango Mitwalli! Zakin samari!" Sai harbin bindiga, tau, tau, tau, sai ganga, sannan busar Rayyis Dardir na wancan zamanin. Shi ne wuri guda a duniya da aka ambaci sunansa ba a haɗa da na ubansa ba.

Ya sauko ƙasa, wannan gaskiya ne, amma da kujera ya sauko. Yakan zauna a inuwa, shisha a gefe, doguwar bulala a hannu, Rammah a tsakanin turaku. Ya danna waya, a gaishe da ango, a yi harbi, a fara. Safe da la'asar, safe da la'asar. Unguwa duk ta haddace. Matan da ke kai kwaɓin burodi gidan gashi in suka hange shi sai su ce, "Barka da shan ƙamshi, ango!" Mai sayar da barsim yakan tsaya da amalankensa a ƙofa ya ce, "A faɗa wa zakin samari ciyawa ta iso." Mutum mai furfura, ɗansa Sabri har ya yi aure ya tafi aiki Kuwait. Kawu ya ɗauka duk yabo ne, yana ɗaga musu hannu.

Abin da ke ba ni haushi har yanzu shi ne dokin ya iya. Rammah yana da kai, irin kan da Sitti ta ce ba ta gani ba tun goɗiyar da ta tarar lokacin da aka kawo ta gidan tana amarya. Da bulala da komai, ya ɗauke. Yana taka ƙasa kamar tana ƙona shi, wuya a lanƙwashe, wutsiya a sama, ya yi gefe, ya dawo, ya miƙe tsaye, a ƙarshe ya gurfana a kan gwiwa daidai inda busar ke yankewa. Da aka ɗora sirdi ma haka. Mutane suka fara leƙowa ta katanga. Har mahaifiyata ta daina maganar kai shi wurin Bastawisi.

Wata la'asar muna tsaye da ita a ƙofar barga, ana tsakiyar rawa, aka ɗauke wuta. Sifika ta mutu. Shiru, sai kukan tattabaru. Rammah bai tsaya ba. Ya ci gaba da takawa, ya yi gefe inda ya saba yin gefe, ya miƙe inda ya saba miƙewa, ya kai har ƙarshe ya gurfana, ba busa ba ganga.

Kawu ya diro daga sirdi yana ihu. "Allahu Akbar! Kun gani? Ke Widad, kin gani da idonki? Ki rubuta wannan a cikin abubuwan da kike rubutawa! Ko ubana bai taɓa yin dokin da ke rawa ba kiɗa ba!"

Mahaifiyata ta ce, "Yaya, dokin nan ba ya jin busa."

"Kurma ne? Ki yi masa magana ki gani."

"Ba ya saurare nake nufi. Hadda ya yi. Ka samo mai algaita ko guda, ko daga wani lardi ne, a gwada shi tun da sauran lokaci."

"In kawo ɗan iska ya ɓata min kunnen doki? Hassada ce ke cin ki, Ansaf, tun muna yara haka kike."

Ta juya, na bi ta. A hanyarmu ta komawa ta ce min in je in karanta wa Sitti wani abu, kada in faɗa mata abin da muka gani.

Gasar lardi bayan girbin auduga ake yi. Muka tafi a motar ɗaukar kaya, mata a baya a kan tabarmi, da fanke mai ninki da cuku a kwando. Kawu ya yi sabuwar jallabiya ruwan madara, ya sa aka bi shi da sifikarsa a keke mai ƙafa uku. Fili ne babba, an zuba yashi, alƙalai a rumfa, masu algaita a jere a kan benci. A tsakiyarsu, da rawani fari da tumbi, Rayyis Dardir. Wa kuma za a kira dama?

A bakin fili wani ma'aikaci mai riƙe da sanda ya tare keken.

"Wannan fa, Hajji?"

"Kiɗan dokina ne."

"Ga masu kiɗa can."

"Nawa na musamman ne."

"Hajji, nan ba shagon aski ba ne. Tun da aka fara gasar nan ba a taɓa rawa da sifika ba. Ku juya da ita."

Kawu ya san wannan dokar. Tun yana yaro yake raka ubansa filin. Ya dai ɗauka in shi ne za a ɗaga masa. Ya yi rantsuwarsa da ya saba, ma'aikacin ya ce Allah ya ba matar haƙuri, aka juya da keken.

Dawaki suka yi ta shiga suna fita. Da aka kira Rammah, fili ya yi tsit, saboda tsofaffi sun san jinin. Ya shigo yana sheƙi, gezarsa ta sha tsefe, Kawu a kai kamar hoton kalanda. Wani tsoho kusa da mu ya ce, "Masha Allah, Shihata ya dawo." Suka tsaya a gaban benci. Rayyis ya ɗora algaita a baki, ya kafa ido a kan kofato, yana jiran ƙafa ta ɗaga ya bi. Rammah ya kafa kunne yana jiran a gaishe da ango.

Haka suka tsaya. Mai busa na jiran doki, doki na jiran maroƙin da ya daɗe a kabari.

Rayyis ya ga shirun ya yi yawa, ya fara busa a hankali don ya jawo shi. Mai ganga ya shigo. Busa ce mai daɗi, duk wanda ke wurin ya shaida, tsohon bai yi ƙeta a nan ba. Rammah ya juya kunne ɗaya, ya kalle su kamar masu tallan kankana, ya ci gaba da tsayuwa. Bai taɓa jin algaita daga bakin mutum ba. Rayyis ya sauya salo, ya sake sauyawa. Ko wutsiya.

Muna kusa da benci, na ji komai. Kawu ya sunkuyo daga sirdi, murya ƙasa-ƙasa.

"Rayyis. Rayyis, don girman Allah, ka sa yaronka ya ce gaisuwa ga ango."

Rayyis ya cire algaita. "Ga wa?"

"Ga ango. Ango Mitwalli. Zakin samari. Shi ke nan, zai tashi."

"Abu Sabri, rana ce ta taɓa ka?"

"Don darajar gishirin da ka ci a gidanmu."

"Gishirin ubanka na ci. Kai kora ta ka yi." Ya juya ga maroƙinsa. "Kai, gaishe shi." Maroƙin ya miƙe ya cika ƙirji ya ce, "Gaisuwa ga ɗan Mu'allim Shihata!"

Rammah bai motsa ba. Daga rumfa wani alƙali ya ɗaga hannu yana nuna agogo.

Sai kawuna, mutum mai jikoki, ya miƙe a kan likkafa a gaban lardi guda, ya buɗe baki ya gaishe da kansa. "Gaisuwa ga ango! Ango Mitwalli! Zakin samari!"

Wallahi dokin ya ji. Jikinsa ya ɗauki rawa, wuya ya lanƙwashe, ya ɗaga ƙafar dama ya riƙe ta a sama. Harbi yake jira. Kuma ba a shiga filin da bindiga, ga 'yan sanda ko'ina. Kawu ya waiga dama, ya waiga hagu, sannan ya yi da baki: "Tau! Tau! Tau!"

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Maza suna faɗowa daga benci. Mai ganga ya kifa kai a kan gangarsa. Daga bayan fili samari suka ɗauka, "Ango! Ango! Ina amarya?" Wata mata a bayanmu ta rangaɗa guɗa. Rammah ya sauke ƙafarsa a hankali ya ajiye, don ba wannan harbin ya sani ba.

Da a nan abin ya tsaya, da ni ma yau dariya kawai zan yi. Likkafarmu mai faɗi ce, gefenta na da kaifi, an yi ta don a taɓa doki da ita kamar yadda kakana ke taɓawa da tsumagiya. Kawu ya buɗe ƙafafu ya haɗa su a cikin Rammah da duk ƙarfinsa. Ya sake. Ya sake. Ya fizgi linzami. Dokin ya yi wata ƙara da ba haniniya ba ce, ya miƙe, ya yi baya, jini yana bin farin cikinsa yana ɗiga a yashi. Duk wannan algaita ba ta daina ba, don yaran Rayyis ba su san ko su tsaya ba. Dariya ta mutu. Alƙalai suka miƙe gaba ɗaya. Mutum uku suka shiga suka riƙe dokin, aka ce Kawu ya sauka. A ƙasa ya fita daga filin, sabuwar jallabiyar da jini a gefenta, yana faɗa wa duk wanda ya kalle shi cewa Dardir ne ya yi wa dokin asiri.

Mahaifiyata ba ta yi kuka ba. Ta cire mayafinta na sama ta jiƙa da ruwan shanmu ta danne raunin har muka iso gida.

Washegari da hantsi Sitti ta ce in kama hannunta in kai ta barga. Ta daɗe rabonta da shiga. Ta lalubi wuyan Rammah, ta bi da tafin hannu har ciki. Da ta kai wurin, fatar dokin ta yi karkarwa. Ta tsaya, ta shinshina yatsunta. Kawu yana tsaye a bakin ƙofa, ya riga ya fara.

"Umma, ba a ba ki labari daidai ba. Maƙarƙashiya aka shirya. Dokin ya ɗaga ƙafa, kowa ya gani, tambayi Widad. Da an bar ni da sifikata..."

"Mitwalli."

"Shekara mai zuwa, wallahi, in na samo mai harbi..."

"Mitwalli, kawo."

"Umma, a gaban yarinya?"

"A gaban lardi ka yi naka. Kawo."

Ya ciro ragamar daga ƙusa. Tsohuwa ce, ta saƙar gashin raƙumi, da shuɗin dutse a goshi. Ya riƙe ta kamar zai sake magana, Sitti ta miƙa hannu ba ta sauke ba, har ya ɗora mata. Ta ce in kira uwata. Da ta zo, Sitti ta damƙa mata ta ce, "Riƙe, Ansaf." Ba a taɓa ba mace ragama a gidanmu ba. Kawu ya ce za a yi mana dariya a gari. Sitti ta ce gari ya riga ya ƙoshi da dariya jiya.

Da raunin ya warke aka kai Rammah wurin Mu'allim Bastawisi. Mutumin ya yi iya yinsa. Ya mayar da shi turke kamar sabon duƙushi, ya yi watanni ba ya ko ɗaga murya. Da ganga kaɗai dokin yakan ɗan taka. Amma da zarar an busa algaita sai gumi ya karyo masa, ya manne da bango yana kare cikinsa. Ƙarshe Bastawisi ya zo da kansa ya zauna a gaban Sitti ya ce, "Hajja, ki yafe min. Wannan ba zai sake ladabi ba. A bar shi ya huta, a kawo masa goɗiyoyi." Haka aka yi. Yana can yanzu, ya yi fari fat, ya yi ƙiba. 'Yarsa ta fari tana turke a wurin Bastawisi, jikan Rayyis ke yi mata busa, ragamarta kuma a ɗakin mahaifiyata take rataye.

Shi kuwa Kawu, wata makarantar koyon hawa ce a hanyar Isma'iliyya ta ɗauke shi, inda masu hali ke kai 'ya'yansu ranar hutu. Gashin bakin suka gani da zaman sirdin. Na je sau ɗaya kai masa saƙo. Na tarar da shi a inuwa, yara suna zagaye fili a kan tsofaffin dawakin da ko an harba igwa ba za su yi sauri ba, shi kuma yana yi wa iyayensu mata bayani cewa sirrin doki haƙuri ne, kuma matasan yanzu ba sa son aikin ƙasa. Wata mai baƙin tabarau ta tambaye ni ko gaskiya ne dokinsa ya taɓa tsayar da gasar lardi cak.

Na ce mata gaskiya ne.